Ranar da Ban Duba Bayan Hannuna Ba

Ku yaran yanzu kun ɗauka ɗaukar hoto wasa ne. Ku ɗaga kyamara, ku latsa, ku leƙa bayanta, in bai yi ba ku goge ku sake. Ni Garba, wanda duk Tambuwal ke kira Garba Mai Hoto, na haura shekara arba'in a wannan sana'a, kuma abu biyu ne ban yarda da su ba har gobe: mai sayar da kyamara, da kyamarar da ke cewa ta fi ni sanin haske. Shi na farko cinikinsa yake nema, wannan na fahimta. Ita ta biyun sau ɗaya tak na yarda da ita, kuma labarin da zan ba ku ke nan.

A Sakkwato na koyi aiki, wurin wani Bayarabe da muke kira Baba Lasisi. Kyamararsa akwatin katako ce mai ƙafa uku, da baƙin ƙyallen da yake cusa kansa ciki. Babu abin latsawa. Murfi ne a bakin gilashi, ka cire, ka ƙirga a zuciyarka, ka mayar. Shekara guda cur na yi ina wanke kwanonin maganin wankin hoto ina shanya hotuna kafin ya bar ni na taɓa murfin nan. Ranar da ya bar ni kuwa, ba kyamarar ya fara nuna mini ba. Hannuna ya kama ya juya, ya miƙa shi daidai inda fuskar mai zama za ta kasance, ya ce in dubi yadda haske ya kwanta a bayansa. Ya ce waɗanda suka ƙera abin nan ba su taɓa ganin mutumin Sakkwato cikin farar riga da tsakar rana ba. Riga da kanta take fitowa, in ji shi, fuska ce sai an lallashe ta.

Daga bayan hannun nan ake yanke komai. Abu uku ne: faɗin ƙofar da haske zai shiga, tsawon lokacin da za a bar ta a buɗe, da ƙarfin fim ɗin da zai karɓi hasken. In ka ƙara ɗaya sai ka rage wani. Wannan da ke rataye a wuyanku mai maɓallai kamar rediyon mota, ku tone ta, su ukun nan za ku tarar. Sauran duk ado ne.

Na buɗe shagona a Tambuwal daf da lokacin da aka yanka mana jihar Sakkwato, kuɗin man fetur suna shigowa. Malaman makaranta da akawuna sun samu ƙarin albashi, kowa ya sayi babur, kuma babur bai cika babur ba sai an ɗauke shi hoto da mai shi a kai. Akwai masu zuwa da agogon aro, suna karkata hannu don ya fito. Akwai wanda ya dawo mini da hoto yana huci wai na ƙara masa hanci. Na ce masa yadda ya kawo shi haka na mayar masa, ban taɓa ba. A wannan sana'a kowa zarginka yake. In hoto ya yi kyau, kyan mai shi ne, in ya yi muni, mugunta ce ta mai hoto.

Cikin masu zargin nan ba wanda ya kai Hedimasta Bello na Kebbe. Mutum ne wanda in ka ba shi goro sai ya juya shi ya duba kafin ya gode. Shekara uku ina zuwa makarantarsa ɗaukar 'yan aji, kuma duk zuwa yana tsaye a bayana, hannu a goye, yana kallon abin da nake yi ba abin da nake ɗauka ba. In na kawo hotuna sai ya ƙirga kawuna. Amma bai taɓa kiran wani mai hoto ba sai ni, wannan kuwa a wurinsa yabo ne.

A shekarar ne wani ɗan kasuwa ya kawo mini sabuwar kyamara daga Legas. Ya ce tana da idonta, ita ke auna haske ta yanke wa kanta hukunci, ni dai in juya maɓalli zuwa wata alama in latsa. Na ce masa ko jaki ma yana da ido. Na karɓa dai bisa gwaji, na yi wata guda ina yi mata tarko a shago, gaban baƙin labulena, ina jiran ta yi kuskure in mayar masa da abinsa. Ba ta yi ba. Hoto bayan hoto, fes. Sai na saya, na fara yi wa mutane burga a teburin mai shayi cewa kyamarata ta fi wasu akawunan hankali. Abin da ban lura da shi ba, duk gwajin nan a inuwa na yi shi, gaban baƙin ƙyalle. Kuma a cikin watan nan na daina duba bayan hannuna.

Aikin da ya fi kawo mana ciniki a lokacin shi ne hoton fasfo na maniyyata, don kujerar Makka ta zo kusa da hannun mutane da yawa. Ƙarshen bazara sai ga Hedimasta Bello a shagona da kansa. Ya biya wa mahaifinsa kujera. Mahaifin nasa, Malam Haliru, babban malami ne a Kebbe, ya haura saba'in, kuma tunda aka haife shi bai taɓa zama gaban kyamara ba, don zuciyarsa ba ta kwanta da hoto ba. Wata biyu ana fama da shi ana kawo masa hujjar lalura kafin ya amince.

"Sau guda ya yarda," in ji Hedimasta. "Sau guda, Garba. In ka ɓata, ba ni da bakin komawa gare shi."

Na buga jakar kyamarata na ce ya kwantar da hankalinsa.

Na isa Kebbe da hantsi bisa babur. Sauran maniyyatan garin na tara su gindin wata bishiya, na rataya baƙin labulena, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Malam bai zo nan ba, kuma ba wanda ya yi tsammanin zai zo. Ni aka kai wurinsa. Na same shi zaune bisa buzu a ƙofar zaurensa, manyan ɗalibansa dattawa kewaye da shi. Bangon bayansa ya sha sabuwar farar ƙasa. Rigarsa fara, rawaninsa fari, rana ta take tsaka, rawanin ya jefa wa fuskarsa inuwa. Da wani ne da na ce masa tashi koma can, ɗaga haɓa, ja rawanin baya. To wa zai ce wa Malam tashi? Wa zai miƙa hannu kusa da fuskarsa a gaban ɗalibansa? Na tsuguna daga nesa na gaishe shi, na ce a raina ai ga mai ido a hannuna. Na latsa sau uku.

"An gama?" in ji Malam.

"An gama, Allah shi gafarta Malam."

Washegari da safe na shiga ɗakin wanki. Na fito da fim na ɗaga dodon hoton a haske, na bi su ɗaya ɗaya. Kowane maniyyaci da fuskarsa. Da na zo kan ukun Malam sai na tsaya. Aikin rigarsa ya fito zare zare, naɗin rawani ya fito ninki ninki, amma inda fuska take fim ɗin wayam yake kamar gilashin taga. Na buga a takarda, wurin ya fito baƙi ƙirin. Ban yi minti guda ina neman dalili ba. Idon kyamarar ya ga fari ko'ina, ya ɗauka haske ya yi yawa, ya tsuke ƙofa don rigar ta yi kyau, ya bar fuskar a duhu. Abin da Baba Lasisi ya gaya mini ranar da ya kama hannuna ke nan. Na yi duk dabarar da na sani, na kare haske nan na ƙara shi can, na ɓata takarda ta fi goma. Abin da bai shiga fim ba, babu wankin da zai fito da shi.

Na koma Kebbe da niyyar faɗin gaskiya, Allah shaida. Tun daga Tambuwal nake shirya maganar a bisa babur. Sai na tarar da zauren cike, maniyyata sun zo karɓar nasu. Na raba wa kowa, na miƙa wa Hedimasta na mahaifinsa, na buɗe baki ke nan sai wani dattijo cikin ɗaliban ya leƙa ya yi kabbara.

"Ku duba," ya ce. "Na kowa ya fito, na Malam ya ƙiya. Na'ura guda, rana guda. Fuskar bayin Allah ba ta kamuwa."

Hoton ya bi hannu hannu, zaure ya ɗauki salati. Ni kuwa faɗuwa ta zo mini daidai da zama. Na rufe bakina.

Malam bai ji daɗin maganar ba. Ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce su bar wannan zance, shi ba kowa ba ne. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya dube ni.

"Mai hoto, tambayarka nika yi. Ko akwai wani kuskure daga wajenka? In akwai ka faɗi, ɗan Adam ajizi na."

Ga ƙofa ya buɗe mini har ƙasa. Amma na dubi zauren na ga maniyyatan da za su kai labari Jabo da Dogon Daji cewa Garba ya ɓata hoton Malam Haliru. Na tuna burgar da na yi a teburin mai shayi. Tsoro ne da girman kai, ba wani abu ba.

"Babu kuskure, Allah shi gafarta Malam. Ga na sauran nan sun fito."

"To," in ji shi. "Dama tun da niz zauna gaban abinga zuciyata ba ta natsu ba. Ga amsa ta zaka. Bana ba a kira ni ba."

Aka yi juyin duniya ya sake zama, ya ƙi. Da na fito zan tayar da babur sai ga Hedimasta ya biyo ni, ya riƙe kan babur ɗin.

"Garba, tsakaninka da Allah."

Na maimaita masa abin da na gaya wa mahaifinsa. Ya dube ni irin duban da yake yi wa goro, ya saki babur ɗin.

Maniyyata suka tashi ba Malam. Da kaka, alhazai ba su gama dawowa ba, ya kwanta ciwon kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. In kun tambaye ni mummunar shekarata a sana'a, ita ce wannan, kuma ita ce shekarar da na fi samun ciniki. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyuka don a ɗauke su da kyamarar da fuskar Malam ta gagara. Ina karɓar kuɗinsu ina jin kunya. Na samo filasta na liƙe alamar nan, ban sake juya maɓalli wajenta ba. Hedimasta kuwa daga Jega ya koma ɗauko mai hoto, kuma in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, gaisuwa ce kawai.

Shekara kusan arba'in ke nan. Na rufe shago tun da waya ta cinye mana sana'a. Bara bayan ƙaramar Salla ina zaune ƙofar gida sai ga wani mutum ya yi sallama, zai kai shekara talatin da biyar, da sabuwar kyamarar zamani a wuya, irin mai allo a baya. Ya ce sunansa Nasiru, ma'aikacin asibiti ne a Kebbe, hoto sha'awa ce kawai gare shi, yakan ɗauki tsuntsayen fadama da ranar kasuwa. Ya tsuguna ya nuna mini wani hoto a allon. Tsoho ne cikin farar riga da farar hula, jingine da farin bango, fuskar ta yi duhu sai fararen idanu. Ban gane tsohon ba, amma ƙofar zauren na gane ta.

"Babana na, Hedimasta Bello," in ji shi. "Sau fuɗu nika ɗauka, haka shika fitowa. Gwaggonnina sun ce gadon kakanmu na, wai shi ma hoto bai kama shi ba. Baba kuwa sai yac ce in zaka wurinka, kai ka san maganin abinga."

Na ce a raina da walakin, goro a miya. Na karɓi kyamarar na juya ta. Maɓallin sama yana kan koriyar alama, wadda ke cewa bar mini komai. Shekara arba'in sun ƙara mata allo, sun ƙara mata maɓallai, amma hankalinta na nan inda na bar shi. Na nuna masa yadda zai sauke ta daga kan koren nan. Na nuna masa ɗan maɓallin da ke da alamar tarawa da ta ɗebewa, na ce in fari ya yi yawa a gabanka, tura wajen tarawa, taki ɗaya ko biyu, ka bar riga ta ƙone in ta ga dama, ba riga ce ta zo a ɗauke ta ba. Na nuna masa inda zai sa ta auna haske a ɗigo guda, ya ɗora ɗigon a kumatu. Sannan na kama hannunsa na juya. Ya yi dariya, ya ce ashe abin ba wuya. Sai ya ƙara da cewa mahaifinsa ya ce kada ya dawo shi kaɗai.

Na so in ce ƙafa na ciwo. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma nawa na daɗe da jin bangonsa a goshina. Washegari na hau bayan babur ɗinsa.

Mun isa rana ta take tsaka. Hedimasta na zaune bisa buzu a ƙofar zauren, cikin farar riga, kuma ya naɗa farin rawani, shi da ban taɓa gani da rawani ba. Ba kowa a wurin sai shi. Na gane tarko ne, kuma da kyau aka ɗana shi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi jiki.

"Bismilla," ya ce.

Na matsa har gabansa, na nemi izini na miƙa hannuna kusa da fuskarsa, na dubi bayan hannun. Na dawo na gyara kyamarar na ba Nasiru ya latsa. Ya kai masa allon. Fuska ta fito sarai, da tamoji, da furfurar gira, da wani ɗan tabo a gefen hanci. Hedimasta ya daɗe yana kallo.

"Ashe ana iya gyarawa."

"Ana iyawa."

"Ko wancan lokaci?"

"Ko wancan lokaci," na ce. "Kuskurena ne, Hedimasta. Na san shi tun a ɗakin wanki. Malam ya tambaye ni na yi masa ƙarya, kai ma ka tambaye ni na yi maka."

Nasiru ya dube ni ya dubi mahaifinsa. Tsohon ko gezau.

"Na sani tun ran nan. Shekara ukku kana zakuwa makarantata, ban taɓa ganin ka ɗauki ko 'yan aji ɗaya ba ka duba bayan hannunka ba. Ran Malam ba ka duba ba."

"To me ya hana ka gaya masa?"

"Na gaya mai. Yac ce shi ya tambayi mai sana'a, mai sana'a ya ba shi amsa, kuma ba shi ƙaryata musulmi bisa zato." Ya gyara zama. "Haramin da nis saya mai na tafiya, da shi munka yi mai likkafani."

Ni da na yi rayuwata ina zargin kowa, ashe wanda na cuta shi ne mutum guda da ya ƙi zargina. Na ce ya yafe mini. Ya ce nasa ya yafe tuntuni, amma ba shi na hana tafiya ba. Sai ya sa hannu aljihu ya fito da wani ɗan hoto da ya yi ja don tsufa, ya ajiye bisa buzu tsakaninmu. Farar riga, farin rawani, da baƙin wuri a tsakiya.

"Shi kaɗai muka da shi," ya ce. "Nasiru bai san kakanai ba, an haife shi bayan rasuwa. Ni na faɗa mai iyakar abin da baki ka iyawa. Kai kuwa aikinka kallon fuska, kuma sau ukku ka dube ta ta cikin gilashi. Zauna ka faɗa mai yadda take."

Nasiru ya matso ya tsuguna a gabana yana jira. Na rufe ido na koma ranar. Na ga bangon da sabuwar farar ƙasa. Na ga naɗin rawanin, na ga aikin wuyan rigar, har alamar nan da na juya maɓalli kanta na gani. Na jira fuskar ta zo, ba ta zo ba. Ranar ba kyamarar ce kaɗai ta kasa duban fuskar Malam ba.

Na buɗe ido na ce wa Nasiru ban sani ba. Hedimasta ya ɗauki hotonsa ya busa masa ƙura, ya mayar aljihu.